Kabejin Shabangu

Kwana huɗu ke nan MaZwane tana zaune a kan katifa, kuma duk abin da ta sani game da jana'izar mijinta Shabangu ta bango take jin sa. An fitar da gadonsu, an shimfiɗa mata katifar a ƙasa, an lulluɓe ta da bargo har ka, an kunna kyandir kusa da rigar cocin Shabangu da hularsa da sandarsa. Tagogin ɗakin duk an shafe su da toka. Matar mamaci ba ta fita, ba ta ɗaga murya, ba ta taɓa tukunya, sai an kai mijin kabari ranar Asabar. Ita kanta ta sha zaunar da wasu mata haka a nan garin Kwamlilo, har ta sha yi wa masu mutsu-mutsu faɗa. Ba ta taɓa sanin zaman yana da tsawo haka ba.

Yau Juma'a, ranar wuƙaƙe. Tun da hantsi matan layi suka fara shigowa tsakar gida, kowace da wuƙarta naɗe a tsumma, don ba mai zuwa fere gidan makoki ta nemi aro. MaZwane tana jin jan kujeru, tana jin ana mirgino manyan tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku. Abin da ta kasa kunne ta ji shi ne kukan baron Shabangu, wanda tayarsa ke sanar da zuwansa tun daga kwanar coci. Da shi ya kamata a kawo kabeji daga lambu. Sai ta ji mota ta tsaya, ta ji ana sauke buhuna, sannan ta ji muryar Sizakele.

Sizakele yayar Shabangu ce, tsohuwar malamar makaranta. Ranar Talata ta iso daga Johannesburg da akwati biyu, kafin la'asar makullan gidan duk sun koma aljihunta. Irin matan nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai sun gyara maka ita.

"Na buhu za ku yanka," in ji ta, da ƙarfin da za a ji har ɗaki. "Daga kanti na sayo, a cikin gari. Ganye ɗaya daga gonar masai ba zai shiga tukunyar ƙanena ba. Wanda ya ci yana raye ya ishe shi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. MaZwane ta gane muryar kowace daga cikin masu dariyar.

Shekara bakwai ana kiran lambunsu gonar masai, kuma ba wanda ya taɓa takawa ya ga masai a wurin. Abin da ke wurin bututu biyu ne. Ɗaya yana fitowa daga matatar gari, inda ruwan wanka da na wanke-wanke da na banɗakin Kwamlilo duka yake bi ta tafki bayan tafki har ya fito garau. Ɗayan yana fitowa daga tashar wutar lantarki, ɗauke da ruwan zafin da injinansu suka gama da shi, ya bi ta ƙarƙashin kunyoyi ya ɗumama ƙasa ya koma inda ya fito. Shabangu ya raɗa musu suna, buta da bargo. A tudun nan na Mpumalanga, inda Yuli ne tsakiyar hunturu, sanyi yana kwana a kan ciyawa ya wayi gari fari fat ya ƙone komai, mutum goma sha ɗaya ne kawai ke da ɗanyen ganye. Su ne waɗanda suka karɓi filin bayan shingen tasha lokacin da kowa ke toshe hanci.

Shabangu ne shugabansu, shi ya kafa musu doka. Ruwa ta kwarin kunya yake bi, ba ya taɓa ganye. Kunyar da za a yanka, sai an ɗauke mata ruwa sati biyu cur, a ɗaura jan ƙyalle a sanda a kafa a bakinta, kowa ya gani. Duk wata ma'aikaciyar lafiya tana zuwa ta ɗebi ruwa a kwalba ta tafi da shi. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a ƙarƙashin ƙasa yana fasa kwal ba ya wasa da doka, don ya ga abin da ke samun masu wasa da ita. Daga ramin nan ya fito da tarin da ya kashe shi ranar Litinin, kuma duk Kwamlilo ta san haka. Amma rami yana ciyar da rabin gari, ba mai zaginsa da rana tsaka. Lambu kuwa na tsofaffi goma sha ɗaya ne, kowa ya ga dama sai ya goge bakinsa da shi.

MaKabini, wadda kunyoyinta ke maƙwabtaka da nasu, ta shigo a durƙushe kamar mai ta'aziyya, ta raɓa gefen katifa. Tsofaffi biyun da ke taya MaZwane zama suna gyangyaɗi a jikin bango.

"Kin ji ta?" MaZwane ta tambaya daga cikin bargo.

"Kurma ma ya ji ta," in ji MaKabini. "Kuma ba shi ke nan ba. Matar da ke dafa wa 'yan makaranta abinci ta aiko jiya, wai in dakata da kai alayyafo sai an ga yadda Asabar ta kaya. Mutum uku a cikinmu ba su leƙa lambu ba tun Talata. Tashar mota, bakin famfo, ko'ina magana ɗaya ce, wai ruwan ne ya cinye huhun Shabangu."

"Ruwa ta ƙafa yake hawa ya shiga huhu?"

"Ni kike tambaya? Gobe mutum ɗari uku za su ci abinci a gidan nan. In suka ga gidan Shabangu ma ya guji kabejin Shabangu, to mun gama, 'yar'uwa. Ba wanda zai ƙara taɓa ganyenmu. Sai mu rufe bututu mu koma shanya ƙafa a rana."

MaZwane ta ce a kira mata Sizakele. Sai da aka yi aike biyu sannan ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗa makullai.

"Skoni, yayar mijina, shigo ki zauna mu yi magana."

"Makoti, yau ba ranar maganarki ba ce. Kuka ne naki."

Shekara talatin da ɗaya da aure, jikoki huɗu, har yanzu makoti, wato amarya, kamar jiya aka kawo ta gidan.

"Kabejin ƙanenki nake so a dafa," in ji MaZwane.

"Na san abin da kike so. Ni kuma ba zan tara mutane daga Johannesburg da Durban in ba su abin da aka shayar da fitsarin gari ba. Mutum ya fito daga rami da ransa, kika zuba masa ido yana tsoma hannu a ƙazanta shekara bakwai. Ga sakamakon nan."

"Tarin ya girmi lambu, skoni. Ke kika raka shi asibiti karon farko. Ke kika riƙe hoton ƙirjinsa a jakarki har gida."

Makullan suka daina kaɗawa. Albashin ramin nan ne ya kai Sizakele kwalejin malamai, ƙanen yana ƙasa yana shaƙar ƙura, yayar tana sama tana karatu. Kowa a dangi ya sani, ba a dai faɗa. Ta tako, ta sunkuya, ta ja bargon MaZwane ta rufe mata fuska da ƙarfin da ya wuce na gyara.

"Rufe kanki," ta ce. "Ana ganin ki."

MaZwane ta zauna cikin duhun bargo tana jin wuƙaƙe sun fara aiki a waje. Kwana huɗu baƙin ciki ne ya cika mata ƙirji, nauyi kawai, ba motsi. Yanzu fushi ne, kuma fushin ya fi mata daɗi. Za su binne mijinta gobe, su binne sunansa tare da shi, su ce ya mutu ne saboda wautar cin ƙazanta, kuma ita aka ba aikin yin shiru har a gama. Ta tuna yadda yake tsayawa ya dafa sanda bayan kowane taku goma a hanyar lambu, yana fito ta ƙirji, amma ba ya fashi. Ta leƙa ta ƙasan bargo ta ga hularsa kusa da kyandir, gefenta duk jar ƙasa.

Ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara har ɗaya tsohuwar ta farka.

"Makoti, bayan gida ta waccan ƙofar ne."

"Na sani, Gogo."

Ta sauke bargon zuwa kafaɗa, ta maƙale shi da babban fil a ƙirji, ta buɗe aljihun teburi ta ɗauki wuƙarta mai baƙin ƙota, ta fita ta ƙofar gaba.

Mata sun kai arba'in a tsakar gida, kuma wuƙa arba'in suka tsaya lokaci guda. Mazan da ke kafa tanti suka saki igiya. A kan benci, cikin dattawa, Baba Nkambule yana zaune, tsohon abokin Shabangu na rami. Shekara bakwai yana tsokanar abokinsa da sarkin masai, kuma ko Shabangu ya kawo masa kabeji kyauta sai ya mayar masa da shi har gida. Ya dube ta, ya buɗe baki, tari ya riga shi.

"Makoti!" Sizakele ta daka tsawa. "Kin haukace ne? Koma ciki."

MaZwane ko waiwaye ba ta yi ba. Ta zagaya bayan ɗaki ta jawo baro, ta tura shi ta tsakiyar kujeru, mata suna janye ƙafafu da zannuwa kada bargon mai makoki ya taɓa su. Tayar baron tana kuka tun daga ƙofar gida har kwanar coci, kuma duk gidan da ta wuce labule ya motsa. Wani mai kanti ya gan ta ya juya baya, ya tsaya haka har ta yi nisa. Ta ji takun gudu a bayanta, ba ta duba ba, ta san MaKabini ce, don ita kaɗai ke gudu tana mita.

"Ke kam za ki ja mana," in ji MaKabini tana haki. "Ni cewa na yi ki yi magana, ban ce ki tashi ba."

"Na yi maganar."

Hanyar lambu ta bi ta gefen filin ƙwallo, ta tsallaka titin manyan motocin kwal, sannan ta miƙe a gindin shingen tasha. Rana tana tsaka amma ba ta da zafi. Ciyawa duk ta mutu, ta yi ruwan toka, kuma inda inuwa take har yanzu akwai farin sanyin asuba a kwance. Gaba, manyan hasumiyoyin tasha shida suna fitar da tururinsu kamar kullum. Abu ɗaya ke damun MaZwane tun da ta fito. Kunya ɗaya suke hutarwa a lokaci guda, abin da za su iya sayarwa a sati ke nan, kuma kunya ɗaya ba za ta ciyar da mutum ɗari uku ba. Sati uku rabonta da lambu, tana gida tana jinyar mijinta. In ta yanka daga kunyar da ke shan ruwa ta karya dokar Shabangu a jana'izarsa, kuma gara ta koma da baro wayam da ta yi haka.

Suka tura ƙyauren waya suka shiga. Kore ya bugi idonta, bayan duk busasshen filin da suka ratso. Ta wuce kunyoyin sauran mutane har ta kai nasu, ta tsaya.

Jan ƙyalle ɗaya take nema. Shida ta gani, a jere, kowane a kan sandarsa, da irin ƙullin nan biyu da Shabangu kaɗai ke yi. Kabeji kunya huɗu, alayyafo ɗaya, karas ɗaya, kwarinsu duk a bushe ƙayau.

"Wa ya ɗaura waɗannan?"

"Shi mana," in ji MaKabini. "Ranar zuwansa na ƙarshe, yau kwana goma sha takwas. Ya toshe musu ruwa da kansa, yana yi yana hutawa. Na ce Baba Shabangu, wa zai sayi kunya shida a sati guda? Ya ce akwai manyan baƙi suna tafe, kada kowa ya buɗe musu ruwa. Na ɗauka kin sani."

Ba ta sani ba. Ranar ya dawo gida ya ce mata ya ɗan zagaya ne kawai, ya sha shayi ya kwanta, daga nan bai ƙara fita ba. Ashe mutumin nan lissafin kwanakinsa ya je yi, har da sati biyun doka bai manta ba. Ta durƙusa ta dafa ƙasar kunya da tafin hannu. Da ɗumi, kamar wurin da mutum ya tashi yanzu. Kukan da aka zaunar da ita kwana huɗu ta yi bai zo ba, sai a nan ya zo, ta yi shi sosai, da murya, goshinta a jikin kabeji. MaKabini ta bar ta, ta je ta fara yanka daga ɗaya ƙarshen.

Da ta gama ta share fuska da gefen bargo ta zare wuƙa. Wasu mutum huɗu daga cikin 'yan lambu suka iso da barorinsu, labari ya kai musu, har da ɗaya daga cikin ukun da suka ɓuya. Ba wanda ya gaishe ta, don ba su san yadda ake gaida mai makoki a gona ba. Suka sunkuya kawai suka kama aiki.

Baro biyar suka shigo layi da la'asar, na Shabangu a gaba yana kuka. MaZwane ta tura shi har tsakiyar da'irar mata, ta kifar. Kabeji suka gangara ta ƙarƙashin kujeru, manya, fari-kore, ɗaya ya je ya tsaya daidai takalmin Sizakele.

"Kin ɗauki duhun mutuwa kin kai gona," in ji Sizakele. "Kin yawata da shi a layi. Gawar mijinki tana hanya daga ɗakin ajiye gawa, za a shigo da shi a tarar da katifa ba kowa. A dangin nan ba a taɓa yi ba."

"Yanzu an yi," in ji MaZwane. Ta ciro jajayen ƙyallaye shida daga ƙirjinta ta ɗaga. "Kun san ƙullin nan. Mai gawar ne ya ɗaura su da hannunsa, kwana goma sha takwas da suka wuce. Shi ya shirya abincin baƙinsa, ni ɗauko shi kawai na yi. Skoni, ki dafa naki na kanti, ba na hana ki ba. A kafa murhu biyu, a jera teburi biyu. Gobe kowa ya ci inda ransa ya kwanta, a idon kowa."

Ta juya ga matan, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kuma masu dariya, na ji ku. Wasunku na san ƙofar bayan gidajenku fiye da ta gaba, don ta nan kuke cewa in kawo muku alayyafo kada maƙwabta su gani. Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Wuƙa taku ce, ku yanka abin da kuka ga dama."

Wata ta sunkuyar da kai, wata ta shiga gyaran ɗankwali. MaKabini ta ja kujerarta zuwa tulin kabejin lambu ta zauna. Mace bakwai suka bi ta, a hankali, kowace tana yi kamar rana take bi. Sauran talatin da wani abu suka tsaya wurin buhuna.

MaZwane ta wanke hannu da ƙafa a bakin famfo, ta shiga ɗaki, ta zauna a kan katifa, ta ja bargo ta rufe kanta. Da aka shigo da akwatin Shabangu da magariba, a nan aka same ta.

Asabar aka binne shi da safe, cikin iskar da ke yanka kunne. Fasto ya yi magana a kan haƙuri yana satar kallon ta. Da aka dawo daga maƙabarta aka wuce da ita ɗaki kai tsaye, don mai makoki ba ta cin abinci cikin jama'a. Ta jira har tsofaffin suka fita neman nasu kwanon, sannan ta rarrafa zuwa taga, ta lashi yatsa, ta goge toka daidai faɗin ido.

Mutane suna wanke hannu a bahon bakin ƙofa suna shigowa. Teburi biyu a gaban tanti, tuwon masara da nama iri ɗaya a kan kowane, kabeji da alayyafo da karas ne kawai suka bambanta. Sizakele tana bayan na dama da mata goma. MaKabini tana bayan na hagu, ta ɗaura jajayen ƙyallayen nan shida a ƙafar teburin, don kada wani ya ce bai sani ba. Layi ya miƙe a dama har waje. A hagu 'yan lambu ne kawai da 'ya'yan MaZwane biyu, suka karɓa suka koma gefe, teburin ya zauna ba kowa. MaKabini tana riƙe da ludayi tana kallon sama. MaZwane ta ji tsoro karon farko tun da ta tashi jiya. Ta zubar da mutuncinta a titi, kuma ga alama ta zubar da shi a banza.

Sai ga tsofaffin rami sun iso. Kullum su ne na ƙarshe daga maƙabarta, don ba sa iya sauri. Sun kai ashirin, cikin manyan kwat, kuma kafin a gan su an ji su, wannan ya yi tari wancan ya karɓa. Baba Nkambule ne a gaba. Ya wanke hannu, ya ɗauki kwano, ya tsaya tsakanin teburan biyu yana mayar da numfashi. Sizakele ta ɗaga masa ludayi.

"Baba, nan. Ba sai ka bi layi ba."

Bai motsa ba. Tari ya kama shi, dogo, irin mai lanƙwasa mutum gida biyu, har aka yi shiru ana jiran ya gama. Ya goge baki da hankici, ya duba abin da ya fito, ya ɗaga hankicin sama yadda na kusa za su gani.

"Sizakele," ya ce, "kin san ni. Shekara bakwai ko ganye ɗaya na lambun nan bai shiga bakina ba. Ruwansu ko a takalmina ban yarda ya taɓa ni ba. To saurari ƙirjina. Saurari na waɗannan da ke bayana. Muryar wa kike ji?"

Ludayin yana hannun Sizakele, miya tana ɗiga a kan teburi.

"Mun san abin da ya kashe shi," in ji Nkambule. "Yana nan yana jiran mu, ɗaya-ɗaya. Ni na zage shi yana raye, ya ishe ni." Ya juya hagu ya miƙa kwano. "MaKabini, zuba. Kada ki yi mini rowa, bashin shekara bakwai bakina yake bi na."

Tsofaffin suka bi shi, su ashirin, suka jeru suna tari a gaban teburin hagu. Ya ci a tsaye, a nan gaban kowa, ya tauna a hankali, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Aka yi dariya, kuma wannan dariyar MaZwane ba ta ji haushinta ba. Matan tsofaffin suka fice daga layin dama suka bi mazajensu. Matar da ke dafa wa 'yan makaranta ta tsaya tana waige-waige, sannan ta tsallaka da sauri kamar mai tsallaka titi. Ba kowa ya tsallaka ba. Baƙin Johannesburg sun tsaya inda suke, wasu 'yan layi ma haka, kuma mata biyu sun ajiye kwano sun fice suna tsaki. MaZwane ta gan su, ta riƙe sunayensu. Ta koma katifa ta zauna kafin a shigo.

Sai da hayaniya ta lafa Sizakele ta turo ƙofa, da kwano a rufe a hannunta. Ta ajiye a gaban katifa, ba ta zauna ba.

"Dattawa sun yi magana," ta ce. "Za ki ba da akuya a yanka a tsarkake gidan, saboda abin da kika yi jiya."

"Zan bayar."

"Kuma ba za ki ƙara fita ba sai an cire miki baƙin kaya."

"Wannan kam a'a. Gobe da sassafe zan je in buɗe wa kunya shida ruwa, an yanke su, suna jiran shuka. In akuyar kowace fita ɗaya ce, ku gaya mini tun yanzu in fara kiwo."

Sizakele ta dube ta, ta dubi hular ƙanenta kusa da kyandir, ta daɗe tana kallon hular. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Ba ta ba da haƙuri ba, MaZwane ma ba ta sa rai ba.

MaZwane ta buɗe kwanon. Tuwo, nama, da kabeji a gefe, yankan sirara, fari sol. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Wannan na buhu ne."

"Shi ya rage," in ji Sizakele, tana kallon bango. "Tukwanenku an kankare su har ƙasa. Ko cokali ɗaya ba su bar miki ba."

MaZwane ta sa yatsa ta ture kabejin kanti zuwa bakin kwano, a hankali, har ya daina taɓa tuwon. Sannan ta gutsura ta fara ci. Kwana biyar rabonta da jin yunwa, kuma ta cinye tuwon tas.